An zaɓe ka darakta a ƙungiyar masu madara, to ga yadda ake riƙe kujerar

Satin da ya wuce ɗan baffana ya kira ni da daddare, wai an zaɓe shi cikin daraktocin tarayyar ƙungiyoyin masu madara na yankinsu, rugage 9 ne suka ɗaga masa hannu. Ina cikin yi masa murna sai ya katse ni ya ce, "Yaya, bar batun murna tukuna, ni fa ban san ta ina zan fara ba." Mun kai kusan awa ɗaya a waya har katinsa ya ƙare bamu gama ba, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta, tunda na yi zango biyu a irin wannan kujera kuma na san ba shi kaɗai ne ke cikin wannan hali ba. Ina cewa "ka" ne saboda da shi na fara maganar, amma 'yar'uwa in ke aka zaɓa maganar nan taki ce, ta ma fi zama taki, zaki ga dalili a gaba.

Ka fara gane wace irin kujera ce

Darakta a ƙungiyar madara ba ardo bane, ba sarauta bace, kuma ba aikin albashi bane. Mutanen da suke tashi da asuba su tatsi shanu ne suka ce kai je ka zauna a madadinmu inda ake yanke kuɗin lita, ka tabbatar madararmu ta samu mai saye, kuɗinmu ya dawo hannunmu cikakke kuma a kan lokaci. Aikin kenan gaba ɗaya. Duk wani abu da zai taso, taron bita ne a otal, baƙi ne daga Abuja, hoto ne da manya, ka auna shi da wannan.

A wasu ƙasashen hukuma ce guda ake kafawa ta kasuwancin madara. Ingila ta yi irinta daga 1933 har aka rushe ta a 1994, a jihar Wisconsin ta Amurka kuma har yau makiyaya ne ke zaɓen daraktoci 25 daga cikinsu, kowa na wakiltar yankinsa na shekara 3. Mu a nan bamu da hukumar gwamnati da ke yanke farashin madara, abin da muke da shi shi ne ƙungiyoyin gama kai, na ƙauye ko na ruga a ƙasa, sai su haɗu su yi tarayya a sama, kamar yadda MILCOPAL take a Kaduna. Tsarin nan daga Indiya aka gano shi. A 1946 makiyayan yankin Anand suka gaji da kamfanin da ke sayen madararsu yadda ya ga dama, suka daina kai masa, suka kafa ƙungiyarsu wadda ita ce ta zama Amul. Abin da nake so ka riƙe daga labarinsu guda ɗaya ne: shugaban da aka zaɓa, Tribhuvandas Patel, bai ce shi zai riƙa kunna inji ba, sun ɗauko ƙwararre, Verghese Kurien, suka ba shi gudanarwa, su kuma zaɓaɓɓu suka riƙe tsari da sa ido. Ƙungiyoyinmu da yawa a nan suke faɗuwa, ko dai darakta ya zama shi ne manaja shi ne ma'aji shi ne mai awo, ko kuma ya sakar wa manaja komai sai dai a kawo masa takarda ya sa hannu.

Satin farko: takardu

Kafin ka buɗe baki a kowane mitin ka nemi a baka kwafin waɗannan, kuma ka nema cikin ladabi amma kar ka gaji da nema: satifiket ɗin rijista, kundin dokokin ƙungiya, littafin minit na aƙalla shekara 2 da suka wuce, rahoton odita na ƙarshe, sunayen masu sa hannu a banki, rijistar mambobi, sai yarjejeniyar da aka yi da kamfanin da ke sayen madara. In karatun boko bai yi maka yawa ba ba abin kunya bane, ka samu ɗanka ko wani malamin makaranta da ka yarda da shi ya karanta maka layi layi yana fassarawa, kar dai ya zama wanda ya rubuta takardar shi ne zai fassara maka ita.

Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta 1993 ta ce mutum 10 sun isa su yi rijistar ƙungiyar matakin farko, kowane mamba ƙuri'arsa ɗaya ce ko shanunsa 5 ne ko 500, kuma kashi ɗaya cikin 4 na ribar shekara ana ware shi ne a asusun ajiya, ba a rabawa. Jihohi ma suna da nasu dokokin da ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai, ka je ofishin da ƙafarka ka gaisa da jami'in da ke kula da ƙaramar hukumarku, wata rana zaka buƙace shi. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma dokar OHADA ta 2010, wato dokar bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suka haɗu a kanta, ce ke aiki a kansu, akwai ƙaramar ƙungiya SCOOPS da mutum 5 ke iya kafawa, akwai COOP-CA mai majalisar gudanarwa da ke buƙatar mutum 15, sai ka duba wacce ce taku don ikon kujerarka ya danganta da hakan.

A cikin kundin dokoki ka nemi amsar tambayoyi 4. Shekara nawa ne zango kuma sau nawa ake iya maimaitawa? Mutum nawa ne sai sun halarta kafin mitin ya zama mitin? Kuɗi nawa ne manaja zai iya kashewa ba tare da ya dawo gaban daraktoci ba? Wa ke da ikon korar mamba? In ka tarar ba a rubuta ta ukun ba, to ka samu aikinka na farko.

Sati na biyu: ka kwana kusa da cibiya

Gani ya kori ji. Ka je cibiyar tattara madara tun ana sallame sallar asuba, kar ka sanar da kowa zaka zo, ka samu benci ka zauna gefe. Zaka ga mata da 'yan mata suna isowa da ƙwarya a ka an rufe da faifai, wasu da jarka, samari a kan babur da gwangwanaye an ɗaure da roba ta ko'ina. Ka lura da ƙarfe nawa ta farko ta iso, ƙarfe nawa ta ƙarshe, ƙarfe nawa aka kunna tankin sanyi. Madara ba hatsi bace da zaka zuba a rumbu ka jira kasuwa ta yi kyau, daga fitowarta hantsa agogo ya fara lissafi, in ba a sauko da ita zuwa digiri 4 cikin awa 2 zuwa 3 ba, a zafin garinmu ta kama hanyar tsami. Duk shawarar da zaku yanke a teburi, ta farashi ce ko ta ɗaukar ma'aikaci, wannan agogon ne a bayanta.

Ka tsaya kusa da mai gwaji ka koyi aikinsa da hannunka. Farko ido da hanci, a buɗe a duba ko akwai gashi, ƙasa, ƙuda ko wari. Sai gwajin sifirit, ana ɗiban madara kaɗan a haɗa da alkohol mai ƙarfin kashi 68 zuwa 70 daidai wa daida, in ta guntse to ta fara tsami, ko saniyar na da ciwon hantsa, ko dakashi ne na wadda bata daɗe da haihuwa ba. Mutane za su tambaye ka a kan wannan sinadari, ka nuna musu da idonsu cewa ɗan abin da aka gwada zubarwa ake yi, ba ya komawa cikin madara. Sai laktomita, wani ɗan kwalba mai tsawo da ake sakawa ya yi iyo, madara tsantsa tana nuna wajen 1.026 zuwa 1.032, in an ƙara ruwa sai ya nutse ya nuna ƙasa da haka.

A nan akwai abin da sai na zauna a benci na gane shi. Madara mai ɗumi tana nuna lamba ƙasa da ainihinta. Akwai wata dattijuwa da rugarsu ke bayan cibiya kaɗan, kullum ita ce ta farko, madararta da ɗuminta take kawowa, kuma kullum yaron da ke gwaji sai ya ce mata akwai ruwa. Ranar da nake zaune ta ajiye ƙwaryar ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, shekarata 40 ina tatsa, ban taɓa haɗa nonona da ruwa ba, amma yaron nan kullum sai ya kunyata ni gaban jikokina." Na ce, "Inna, yi haƙuri ki bamu minti 20." Muka sa kofin a cikin ruwan sanyi ya huce muka sake gwadawa, lamba ta hau daidai. Yaron ba mugunta yake ba, ba a koya masa cewa ana duba zafin madara a gyara lissafi ba. Daga ranar muka sayi ma'aunin zafi muka manna takardar gyaran lamba a bango. Da a ofis na tsaya, a rahoto zan karanta cewa mata na zuba ruwa, in yarda.

Masu zuba ruwan kuma akwai su, kar ka ɓoye wannan don neman farin jini. Mutum ɗaya ya zuba ruwan rafi a lita 3, a juye cikin gwangwani mai lita 40, kamfani ya gwada ya dawo da shi duka, mata 10 da basu ji ba basu gani ba sun yi asara, wake ɗaya ya ɓata gari. Shi yasa ake gwada na kowa daban kafin a haɗa, komai tsawon layi.

Lissafin lita

Wannan shi ne zuciyar aikin, in baka iya shi ba za a riƙa juya ka a mitin kana murmushi. Ka samu littafi mai layi ka rubuta duk abin da cibiya ke ci a wata: dizal ko gyaran sola da batura, albashin mai gwaji da mai rubutu da maigadi, sabulun wanke tanki, sifirit, kuɗin 'yan babur masu ɗauko madara daga rugage masu nisa, cajin banki, da ɗan abin da za a ajiye don ranar da injin sanyi zai tsaya, don zai tsaya. Sai ka raba da yawan litar da aka karɓa a watan.

Bari in baka misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai, kai ka sa naku na gaskiya. A ce cibiya na cin naira 600,000 a wata. Da damina kuna karɓar lita 1,000 a rana, wato 30,000 a wata, kaga kowace lita ta ɗauki naira 20 na ɗawainiya. Rani ya shigo, shanu sun tafi cin rani, na gida nono ya janye, kun koma lita 300 a rana, 9,000 a wata, amma maigadi albashinsa bai ragu ba, tanki kuma ko rabi ne a ciki sai an kunna shi, yanzu kowace lita ta ɗauki kusan naira 67. In kun yanke cewa naira 30 za a riƙa cirewa a kowace lita duk shekara, da damina za ku ga kuɗi na taruwa har wasu su fara cewa a raba, a watan Maris kuma ku rasa na dizal. Rarar damina ba riba bace, kuɗin rani ce. Sai ka maimaita wannan magana a kowane taro har mutane su haddace ta.

Ɗaya ɓangaren lissafin kuma wanda 'yan boko ke mantawa shi ne abokin gasarku na gaskiya ba wani kamfani bane, kasuwar ƙauye ce. Matar da ke da lita 5 in bata kawo muku ba zata kwantar da ita ta zama kindirmo, ta burga ta cire man shanu ta sayar daban, sauran ta dama da fura ta sayar ludayi ludayi, ta dawo da kuɗinta a ƙulle a bakin zani a ranar, ta sayo gishiri da magi da sabulu. Ka zauna da mata 3 ko 4 ku lissafa nawa lita ɗaya ke kawo mata ta wannan hanya, ku cire kuɗin mota da gero da wahalar yini a rana da kwantan da wani lokaci take dawowa da shi. Abin da ya rage shi ne farashin da in kuka gaza shi ba wa'azin da zai sa ta kawo muku madara, kuma tana da gaskiya. Da rani nono na tsada a kasuwa, dan haka dole farashinku ya motsa da lokaci, farashi ɗaya daga Janairu zuwa Disamba yana nufin tanki ya cika da damina har ku rasa inda za ku kai, ya bushe da rani lokacin da kamfani ya fi matsuwa.

Ka kuma tuna saniyarmu ta gida, Bunaji ce ko Bokoloji ko Rahaji, abin da ake samu a tatsa bayan an bar wa maraƙi nasa bai cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana ba. Duk wanda ya zo da lissafin da ya dogara a kan kowace saniya zata bada lita 10 to ba shanunku yake nufi ba.

Zama da kamfani

Yanzu masu saye sun ƙaru ba kamar da ba. L&Z na Kano, Arla ta buɗe gona a Damau ta jihar Kaduna a 2023, Nestlé na karɓa a Paikon Kore kusa da Gwagwalada, FrieslandCampina WAMCO masu Peak sun daɗe suna tattarawa a Oyo, a Nijar kuma cibiyoyin Hamdallaye da Kollo na kai wa masana'antun Yamai, ga kuma ƙananan masu yogot a kowane birni. Ka san dalilin da yasa wasu manyan suka waiwayo mu: a farkon 2020 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita bada dala don shigo da madara ga kamfanoni 6 kawai da suka yarda su zuba jari a kiwon cikin gida, sai kuma a 2024 aka janye wannan takunkumi. Ma'ana madarar gari ta waje, musamman wadda aka cire mata mai aka sa man ganye, tana nan tana gasa da taku kuma tafi sauƙin ajiya. Ƙarfinku a teburi shi ne ku iya cewa kullum ga lita kaza, mai tsabta, mai sanyi, ba fashi. In baku da wannan surutu kawai za ku yi.

Kar mutum ɗaya ya je zaman farashi, ku je aƙalla 3 kuma a ciki a samu mace mai tatsa. Kafin ku fita ku yanke a tsakaninku mafi ƙarancin abin da za ku karɓa, ba wanda zai sauka ƙasa da shi a gaban baƙi. Abubuwan da dole su shiga takarda: farashin damina da na rani, ranar biya, abin da zai faru in an wuce ranar, wa ke ɗauke da kuɗin mota, lita nawa suka yi alkawarin ɗauka ko da madara ta yi yawa, sai kuma babba a cikinsu, a ina ake gwajin ƙarshe. In a ƙofar masana'anta ne, to motarsu ta lalace a hanya madara ta yi tsami asarar taku ce. Ku dage a gwada a cibiyarku gaban ma'aikacinku, direba ya sa hannu, daga nan ta zama tasu.

Na koyi wannan da tsada. A zangona na farko wani kamfani da ba zan kira suna ba ya riƙe mana kuɗin sati 7, kullum "oga ya yi tafiya", kuma da muka buɗe yarjejeniya sai muka ga an rubuta farashi amma ba a rubuta ranar biya ba. Wata mata ta tare ni a bakin masallaci, bata ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, kai muka sani, bamu san kamfani ba." Kafin kuɗin su fito fiye da rabin masu kawo mana sun koma kasuwa, kuma sai da muka shekara muna bin rugage kafin wasu su dawo. Tun daga nan nake ganin abu biyu wajibi ne, ƙungiya ta tara kuɗin da zai iya biyan mambobi na sati 2 ko kamfani bai biya ba, kuma kar a taɓa dogara da mai saye ɗaya, ko ƙaramin mai yogot ne a cikin gari ku riƙa ba shi wani kaso don ƙofar ta zauna a buɗe.

Kuɗin ya shiga hannun wa?

A al'adar ruga shanu na iya zama na maigida amma nono na mace ne, da shi take cefane, take yi wa 'ya'yanta sutura, take tara kayan ɗakin 'yarta. Abin da na gani da idona shi ne da zarar madara ta fara kawo kuɗi mai kauri ta banki, sai a rubuta sunan maigida a rijista tunda shi ke da katin ɗan ƙasa da waya, alat ya riƙa shiga wayarsa, matar da ta tatsa ta ɗauko a ka ta koma roƙon kuɗin gishiri. Wannan zalunci ne ko ba da niyya aka yi ba, kuma yana kashe ƙungiya, don ranar da ta gane sai ta riƙa kawo muku lita 1 ta ɓoye 4 ta kai kasuwa.

Dan haka ka duba rijista, sunan wanda ke kawo madara shi ne sunan da ake biya? In mata basu da asusu ku gayyato ma'aikatan banki da masu yin NIN su zo cibiya rana guda, kafin nan a biya su a hannu su dangwala. Ka bi ta wajen ardo da dattawa da girmamawa, ka ce, "Baffa, ba raba gida muka zo yi ba, abin da iyayenmu suka bar wa mata muke so ya zauna a hannunsu," yawanci in an faɗa haka suna fahimta. Sannan ka yi ƙoƙari a rubuta a kundin dokoki cewa wasu kujerun daraktoci na mata ne, kuma a sa mitin a lokacin da za su iya zuwa, ba da safe lokacin tatsa ba, ba kuma bayan magariba ba. In wasu sun fi sakewa da Fulatanci a yi da Fulatanci a fassara.

A ɗakin mitin

Ka nemi a riƙa turo ajanda kwana 3 kafin zama. Kowane wata manaja ya kawo takarda ɗaya mai lambobi 5: litar da aka karɓa, litar da aka mayar da dalili, kuɗin da kamfani ya biya, kuɗin da ake binsa, da abin da ke banki tare da takardar banki ta asali, ba wadda aka kwafa da biro ba. Ka haɗa littafin mai awo da rasit ɗin kamfani, in an karɓi lita 900 an kai 860 ka tambayi ina 40, zuba da ragowar jikin gwangwani suna cin kaɗan amma ba kullum kuma ba da yawa haka ba. Cire kuɗi sai da hannu 2, kuma kar ka taɓa sa hannu a cek ɗin da ba a cike ba ko da ciyaman ne ya ce sauri ake. Duk abin da aka yanke a rubuta wa zai yi, zuwa yaushe, a karanta a farkon zama na gaba. In baka yarda da wata shawara ba ka ce a rubuta cewa baka yarda ba, amma in rinjaye ya yanke kar ka fita kana zagin abokan aikinka a kasuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In maganar da ake ta shafe ka, ƙaninka ne ke neman kwangilar jigila ko ɗanka ke neman aikin awo, ka faɗa da bakinka ka fita waje har a gama. Kuma ranar da mai gwaji ya mayar da madarar gidanka, zata zo, ka karɓa a gaban kowa ka ce ya yi daidai. In ka ɗaga masa murya sau ɗaya ka gama kashe gwaji a cibiyar, don gobe ba zai iya mayar da ta ardo ba. Kyautar kamfani ma ka yi hattara da ita, buhun shinkafa da sallah ko kuɗin mai a ambulan, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in an kawo ka kai teburi a rubuta ta zama ta ƙungiya. Alawus ɗin zama kuma babban taro ne ke yanke shi, ba ku da kanku ba.

Shirin rani da lafiyar shanu

Ana shirin rani ne tun kaka. Lokacin da harawa da kowar wake da karan dawa da dusa ke da araha ƙungiya ta saya da yawa ta adana, da rani a ba mambobi bashi ana cirewa kaɗan kaɗan daga kuɗin madara, amma da sharaɗin a bar wasu shanun tatsa a gida. Kar cirewar ta wuce abin da mace zata koma gida da wani abu a hannu, in ta zo sati 2 tana komawa hannu wofi ba zata sake zuwa ba. Masu fili kusa da ruwa a ƙarfafa musu shuka ciyawar Napier, in kuna kusa da Zariya ku je NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, ku nemi shawara a kan iri da yadda ake adana ciyawa. Ruwan sha ma lissafi ne, saniyar da ta yini tana tafiya neman ruwa ba abin da zata baka da safe.

Ku haɗa kai da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma a yi rigakafin ciwon huhu da sauransu a kan lokaci, alluran da yawa daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato suke zuwa. Abin da ya fi bani tsoro shi ne allurar kashe ƙwayoyin cuta da kowa ke saya a kasuwa ya yi wa saniyarsa da kansa, washegari ya kawo madararta. Wannan madara tana hana yogot kamawa, kamfani in ya gano zai mayar da tanki guda, kuma tana cutar da yaran da za su sha. Kowace kwalba an rubuta kwana nawa za a jira, a koya wa mutane su ɗaura wa saniyar ƙyalle a ƙaho har kwanakin su cika. Ni ra'ayina ƙungiya ta riƙa biyan wani ɗan kaso ga wanda ya zo da kansa ya ce na yi allura, don in faɗin gaskiya asara ce zalla mutane za su yi shiru.

Masu kawo tallafi

Tunda aka kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, ga shirye-shirye irin KSADP, shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar Kano, da ya gina cibiyoyin tattara madara, baƙi za su riƙa zuwa da tanki da sola da babura. Ku karɓa da godiya, amma kafin a yanke kyalle ka tambaya: kayan sunan wa aka rubuta, filin na waye kuma ina takardarsa, wa zai gyara in ya lalace, ana samun kayan gyaransa a Kano ko Kaduna, kuma akwai madarar da zata cika tankin a cikin tafiyar awa ɗaya? Na ga ginin da aka yi mai kyau a inda babu mai saye, yau awaki ne ke kwana a barandarsa.

Komawa wajen waɗanda suka aiko ka

Duk wata 3 ka zagaya rugagen da kake wakilta, ba sai an yi rumfa da lasifika ba, gindin bishiya ya isa bayan an dawo daga cibiya. Ka faɗa musu lita nawa aka sayar, nawa aka cire, me aka yi da shi, har da labarin da ba daɗi. Allo a bakin cibiya da aka rubuta farashin yau da ranar biya yana kashe jita-jita fiye da dogon jawabi. Babban taron shekara kuma kar a ɗaga shi ko da babu kuɗin lemo, a kawo rahoton odita a karanta da harshen da mutane ke ji, a bar su su yi tambaya har su gaji.

Shekarar ƙarshe ta zangonka ka fara zuwa mitin da wani matashi ko wata matashiya da ka ga tana riƙe lissafi, su zauna a baya su saurara in doka ta yarda. Ranar miƙa aiki ka zo da fayil guda, kwafin yarjejeniya, jerin kayan ƙungiya da lambobinsu, sunayen masu bashi da waɗanda ake bi, lambar mai gyaran injin sanyi da ta direban kamfani, da littafinka na lissafin lita. A cikin satin ku je banki tare a cire sunanka daga masu sa hannu a sa na sabon, ka karɓi kwafin takardar ka ajiye a gida.